Ni Ba Ɗan Nijeriya Ba Ne: Gyaran Kuskure Ko Tura Laifi?

 

Babu wani ɗan Nijar da ya taɓa zama a ƙasar waje, ɗalibi ne ko mahajjaci, ɗan kasuwa ne ko ɗan ci-rani, face ya haddace wata ƴar gajeruwar hira tamkar karatun allo. A tambaye ka daga ina ka fito, ka ce daga Nijar. Mai tambaya ya washe baki ya ce ai ya san ƙasar, Legas ke nan, ƙasar man fetur da ƙwallon ƙafa. Ka ce a'a, Nijar ka ce, babban birninta Yamai. Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, gobe kuma ya gabatar da kai ga abokinsa a matsayin ɗan Nijeriya. Wasunmu sun gaji sun daina gyarawa. Wasu kuwa har yau jijiyar wuyansu tashi take yi duk sa'ad da aka yi musu haka. A kan wannan gyara muke son mu yi magana, domin mun lura cewa a cikinta akwai wani al'amari da ya shafi amana da shaida, wanda ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba.

Mu fara da yi wa mai kuskuren adalci. Sunayen nan biyu daga kogi ɗaya aka tsago su, kogin da Hausawa ke kira Kwara, Zabarmawa ke kira Isa Beri, mutanen Mali ke kira Joliba, wanda ya taso daga tsaunukan Gine ya yi tafiyar kilomita wajen 4,200 kafin ya faɗa teku. Ba mu muka raɗa wa ƙasashen suna ba. Wata ƴar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ita ce ta ba da shawarar sunan Nijeriya a shekarar 1897. Faransawa kuwa suka kira yankin da suka riƙe da sunan kogin kansa, suka tabbatar da shi ƙasar mulkin mallaka a 1922, da hedikwata a Damagaram, kafin su ƙaura da ita Yamai a 1926. Ƙasashen biyu sun sami ƴancin kai a shekara ɗaya, mu ran 3 ga Agusta 1960, su ran 1 ga Oktoba. Da Faransanci harafi ɗaya tak ya raba Nigérien da Nigérian. Da Larabci ma haka abin yake: ya'un guda ce ke tsakanin ɗan wannan ƙasa da ɗan waccan, in magatakarda ya ƙara ta ko ya manta da ita, shi ke nan ya sauya maka ƙasa. Ƙara da cewa su sun haura mutum miliyan 200, mu kuwa ba mu kai miliyan 30 ba, ko da yake ƙasarmu ta fi tasu faɗi, murabba'in kilomita 1,267,000 a kan 923,768. Wanda ya haɗu da ƴan Nijeriya goma kafin ya haɗu da ɗan Nijar guda, in kunnensa ya ji sunan da ya saba ji, ba mu ga abin zargi a kansa ba.

Rashin sanin taswira ba zunubi ba ne. Wahala dai yana jawowa, kuma mun ɗanɗana. Zamanin da muke karatu a wata ƙasar Larabawa, wasiƙar da muka aika gida takan fara zuwa Legas ta kwana biyu a can, kafin wani bawan Allah a gidan waya ya lura ya juyo da ita. Ɗaya daga cikinmu an rubuta masa ƙasar da ba tasa ba a takardar iƙama. Sai da ya yi wata uku yana jele daga wannan ofishi zuwa wancan, kowane ma'aikaci yana ce masa ai duk ɗaya ne, don me yake ta da hankalinsa. Waɗannan abubuwa ne da ake tunawa a yi dariya bayan sun wuce.

Kuma ba yau aka fara ba. Malamin tarihin nan mutumin Dimashƙa, Ibn Fadlillah al-Umari, wanda ya rasu a 1349, ya kawo a littafinsa Masalikul Absar cewa mutanen Masar suna kiran sarkin Mali da sarkin Takrur, alhali shi sarkin ba ya son wannan suna, domin Takrur yanki ɗaya ne kacal cikin yankunan da ke ƙarƙashinsa. Ku duba fa: daular da sarkinta Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 yana rabon zinariya, ita ma ba ta tsira daga wannan ruɗani ba. Takrur wata tsohuwar masarauta ce a bakin kogin Senegal, wadda sarkinta ya musulunta tun farkon ƙarni na 11. Da yake sunanta ya riga isa gabas, sai ya zama mayafin da ake lulluɓe duk wani baƙin mutum da ya fito daga yamma, Bamalle ne ko Babarbare ko Bahaushe. Magabatanmu ba su ji kunyar sunan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya sa shi a sunan littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya kira tarihin ƙasashen Takrur. Amma yau je ka Makka ko Jidda ka ji yadda ake furta kalmar, ko ka ji yadda mu kanmu muke cewa wane ya zama Takari. Ta fuskar taswira, sunan kuskure ne a zamanin al-Umari, kuskure ne a yau, bai ƙaru bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne kayan da aka ɗora masa. Da yana ɗauke da ilimi da zinariya da doguwar tafiyar ibada, yanzu an labta masa bara da rashin takarda.

Haka yake ga kalmar Fallata a Sudan. Asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma a can an rufe Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da ita baki ɗaya. Daga cikinsu akwai jikokin mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, akwai kuma zuriyar alhazan ƙafa da suka yada zango suna noman auduga a Jazira. Mutum ya yi kaka da kakanni a ƙasa, amma kalma ɗaya ta ishe a tuna masa cewa shi baƙo ne. A shekarar 2022 rikicin ƙasa da sarauta a jihar Bulu Nayil ya ci rayukan mutane masu yawa, Hausawa da maƙwabtansu, kuma tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tana tsakiyar wutar. Saboda haka kada wani ya ce maganar suna wasa ce.

To, a nan ne muka zo ga labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A shekararmu ta biyu a ƙasar da muka ambata, mu uku ƴan Maraɗi muka fita neman gidan haya, tare da wani ɗan uwa mutumin Jibiya, da nufin mu zauna mu huɗu. Ya riga mu zuwa ƙasar, ya fi mu harshen mutanenta. Shi ne ma ya tarye mu ranar da muka sauka, ya ci da mu kwana arba'in kafin kuɗin tallafin karatunmu ya iso. Muka sami wani gida. Dattijon mai gidan ya dube mu sama da ƙasa, ya ce shi ba ya ba ƴan Nijeriya haya, domin macuta ne, ga hayaniya, ga tara mutane. Kafin ya rufe baki ɗayanmu ya zaro fasfo. Muka ce masa: “Ya shaihi, mu ba ƴan Nijeriya ba ne. Mu ƴan Nijar ne, ƙasa daban, tuta daban, kuɗi daban. Mu mutane ne masu amana, ba ruwanmu da rigima.” Ya jujjuya fasfon, ya kira ɗansa ɗan makaranta ya tabbatar masa lalle akwai ƙasa mai wannan suna, sa'an nan ya miƙo makulli. Mutumin Jibiya yana tsaye a bayanmu. Bai fitar da nasa fasfon ba, mu ma ba mu waiwaya ba. Ya taya mu ɗauko kayanmu, ya shigar mana da su, ya koma ɗakin da yake maƙale da mutum biyar.

Mun daɗe muna ba da wannan labari a matsayin nasara: ga yadda muka koya wa wani Balarabe taswira. Sai da shekaru suka ja muka fara jin ɗacinsa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da muka faɗa. Amma dattijon nan ya zo da kuskure biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin shi ne bai san akwai ƙasa mai suna Nijar ba. Babban shi ne ya yanke wa al'umma ta miliyoyin mutane hukunci guda, ya yi musu kuɗin goro, ya kira su macuta. Mu kuwa muka gyara masa ƙaramin, muka sa masa hannu a kan babban. Da muka ce mu masu amana ne, me ya ji? Ya ji cewa su waɗancan ba su da ita, kuma ga maƙwabtansu, masu kama da su, masu harshensu, sun shaida. Ya shigo maganar da zato, ya fita da shaidu uku. Bayan mun tafi, duk ɗan Kano ko Sakkwato da zai ƙwanƙwasa wannan ƙofa zai tarar da ita ta fi ƙarfin yadda muka same ta, kuma mu muka ƙara mata sakata.

Imam al-Gazali, a babin da ya yi kan aibobin harshe cikin Ihya'u, ya bayyana cewa giba ba ta tsaya ga furuci ƙarara ba; tana shiga ta hanyar habaici da ishara da duk abin da zai fahimtar da manufa, kuma mai sauraro yana da rabo a cikinta muddin bai ƙi ta ba alhali yana da iko. Mu mun wuce sauraro, mun ci ribarta. Kuma wanda aka ci naman nasa ba ya nesa, yana tsaye bayanmu, abincinsa bai gama narkewa a jikinmu ba.

Wanda ya duba Suratul Hujurati zai ga ayoyi uku a jere, ta 11 da ta 12 da ta 13, kamar an saukar da su domin matafiyi. Ta farko ta hana wata jama'a yi wa wata izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabai. Ta biyu ta yi gargaɗi kan zato da binciken asirin mutane da giba. Ta uku ta bayyana cewa hikimar rarraba mutane al'ummu da ƙabilu ita ce su san juna, ta kuma ɗora girma a kan taƙawa. Mukan karanta aya ta uku a matsayin hujjarmu: ga shi nan, haƙƙinmu ne a san mu da sunanmu. Haka ne. Amma sanin juna hanya ce mai zuwa da dawowa. Wanda yake neman a san shi, wajibi ne ya yarda a san ɗan uwansa, ya kuma taimaka a san shi. Bai dace mutum ya tsallake ayoyi biyu na farko ya rungumi ta uku ba.

Wani zai ce: to, me kuke so ɗalibin da ba shi da wurin kwana ya yi? Ya yi ƙarya ya ce shi ɗan Nijeriya ne domin nuna zumunci? Ko ya tsaya wa'azi a ƙofar gidan mutane har dare ya same shi a titi? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Babu wanda ya ce a yi ƙarya, babu wanda ya ce a bar gyara. Faɗin sunan ƙasarka daidai gaskiya ce, gaskiya kuwa ba a jin kunyarta. Abin da ya rage mana a wannan rana jimla ɗaya ce: “Mu ƴan Nijar ne, wannan kuwa ɗan uwanmu ɗan Nijeriya ne, shi ya riƙe mu kwana arba'in, mun tsaya masa.” Mai yiwuwa dattijon ya mayar da makullinsa aljihu. Mai yiwuwa kuma ya ji kunya, domin ba mugun mutum ba ne. Daga baya mun ci abincin azumi a gidansa sau da yawa. Ba mu sani ba, domin ba mu gwada ba. Wanda larura ta matsa ya yi shiru, ba mu da hurumin yanke masa hukunci, Allah Ya san halin bayinSa. Abin da muke roƙo shi ne kada ya yi kamar yadda muka yi, ya dawo gida yana kiran shirun nasa kishin ƙasa.

Wani kuma zai ce: ai dattijon da gaskiyarsa. Ba a banza lambar nan 419, wadda asalinta sashe ne na dokar laifuffuka ta Nijeriya, ta zama sananniya a duniya ba. Kuma Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amsarmu ita ce karin maganar ta faɗi yadda mutane suke yi ne, ba ta ba da fatawar halascinsa ba. Gari in an niƙa shi ba a iya tsince waken, amma mutane ba niƙaƙƙu ba ne, kowa da fuskarsa da sunansa da littafin ayyukansa. Ƙa'ida ce da Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. Taka-tsantsan halal ne: mai gida yana da damar neman wanda zai tsaya wa ɗan haya, ko ya karɓi kuɗin wata uku a gaba, ko ya tambayi inda mutum ya zauna a baya. Duk wannan bincike ne a kan mutumin da ke gabansa. Abin da ba shi da dama shi ne ya karanta launin fasfo ya ce ya gama sanin zuciyar mai shi.

Kuma wuƙar nan baki biyu gare ta. A shekarar 2022 an kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar daga titunan Dakar, mafi yawansu mata da yara masu bara, aka dawo da su gida a jirgi. Labarin ya zaga duniya. Shin za mu yarda ɗan Senegal ya dubi likitanmu ko malaminmu ko falkenmu ya ce ƴan Nijar mabarata ne? Ba za mu yarda ba. Amma ku tuna abin da da yawanmu suka ce a lokacin: ai ba mu ba ne, mutanen yanki kaza ne. Mutanen yankin kuma suka ce ai ƙauyuka kaza ne. Haka ake ta mirgina dutsen, kowa ya ture shi ga na ƙasa da shi, har ya tsaya a kan wadda ba ta da wanda za ta tura wa, wata mata da fari ya cinye gonarta. Babu wanda ya tsaya ya ce dutsen kansa zalunci ne.

Ga shi kuma dabarar ba ta ma fitar da mai ita. Ran da guguwa ta taso, mai kora ba ya duba harafi. A 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fice. Zangunan Kumasi da Ankara suka watse, ɗan Nijeriya da ɗan Nijar da ɗan Haute-Volta suka hau mota ɗaya. A farkon 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, kuma ko da yake sunan mutanen Ghana aka fi ji, namu mutanen suna ciki. Wannan ya nuna ba wata ƙasa da ta tsarkaka daga wannan ciwo. Waɗanda ake saukewa daga motoci a iyakar Aljeriya su taka da ƙafa zuwa Asamaka, rana ɗaya ke dukansu, ko daga Gine suka fito ko daga Tawa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, aka ce ka shafa wa naka ruwa. Mu kuwa sai muka tsaya muna yi wa wutar bayani cewa gemunmu daban ne.

Laifi tudu ne. Kafin mu gama ƙorafi a kan waɗanda ba su san mu ba, mu tambayi kanmu wa muka sani. Duk farin mutum a wurinmu Anasara ne, wato Kirista, ko da Musulmin Bosniya ne wanda aka kashe danginsa saboda addininsa a yaƙin 1992 zuwa 1995. Duk wanda ya fito daga gabas mai nisa Shinuwa ne, ko ɗan Japan ne ko ɗan Koriya, ko ma ɗan Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace ƙasar Larabawa yawan Musulmi nesa ba kusa ba. Duk Balarabe a idonmu malami ne ko sharifi, mu durƙusa masa muna neman addu'a, alhali a Masar da Lubnan akwai Larabawa miliyoyi da ba Musulmi ba. Sa'an nan mu wuce wani dattijo ɗan Bangaladash a Harami ba mu ko dube shi ba, mun ɗauka mai shara ne, wataƙila kuwa hafizi ne. Kyakkyawan zato na kuɗin goro shi ma rashin adalci ne, domin yana ba wani abin da bai nema da aikinsa ba, yana hana wani abin da ya cancanta. Mu nawa ne za su iya bambanta Gine ta Konakiri da Gine Bisau da Gine Ikwatoriya? Kuma a cikin harshenmu, wanda bai iya Hausa ba mukan ce yana gwaranci, muka mayar da sunan wata al'umma sukutum ya zama sunan rashin iya magana. Muna jin zafi idan mutanen kudancin Nijeriya suka kira kowane ɗan arewa aboki da sigar raini, kalma mai daɗi da aka mayar zagi. Bagwari fa, yaya yake ji?

Ba muna cewa duk laƙabi mugu ne ba. A Abijan akwai wani abinci na garin rogo da soyayyen kifi da ake kira garba, kuma sananne ne cewa daga sunan ƴan Nijar masu sayar da shi ya samo suna. Ba mu taɓa jin wani Garba ya yi fushi ba. A gida kuma muna da taubasantaka, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, suna jifan juna da maganganun da, in baƙo ya ji, zai zaci za a zare wuƙa. Me ya raba wannan da abin da dattijon nan ya yi? Taubashi ya san ka, ya san kakanka, ba zai taɓa ruɗa ka da wani ba. Kana da damar ramawa nan take, kuma in ka rama dariya zai yi. Sa'an nan ba ya riƙe da makullin da kake bukata, in ma yana riƙe da shi, wasan ne zai tilasta masa ya ba ka. Inda babu sani, babu damar ramawa, kuma ɗaya yana riƙe da abincin ɗaya, to, ba wasa ake ba.

Abin da ya fi ba da kunya a lamarinmu shi ne waɗanda muke barranta da su a waje ba baƙi ba ne. Iyakar nan mai tsawon kilomita wajen 1,500 Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, ta ratsa tsakiyar Gobir da Katsina da Daura da Barno. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda duniya ke lissafawa cikin manyan mutanen Nijeriya, a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau. Sarkin Gobir yana Tsibiri. Gidan sarautar Katsina na dauri, da jihadi ya tashe shi a farkon ƙarni na 19, a Maraɗi ya zauna. A watan Agusta na 2023, lokacin da aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, ana ta kaɗa gangar yaƙi, malaman arewacin Nijeriya suna cikin waɗanda suka taso takanas zuwa Yamai neman sulhu, majalisar dattawan ƙasar kuma ta ƙi amincewa da amfani da soja. A wancan lokaci sun sami damar cewa su ba ƴan Nijar ba ne, ba ruwansu. Da yawansu ba su faɗa ba.

Shekaru bayan mun dawo gida, wata ta'aziyya ta kai mu Jibiya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga Maraɗi. Muka nemi ɗan uwan nan muka same shi, ya yi furfura, yana karantar da ɗalibai a zauren gidansa. Bayan an ci abinci muka tuna masa ranar makulli, muka ce: “Malam, mun zalunce ka a wannan rana, ka yafe mana.” Ya yi shiru har muka zaci ya manta. Ashe bai manta ba. Har launin ƙofar gidan ya faɗa mana. Ya ce ya yafe tun a daren, domin ya san sanyin ƙasar, kuma ya ga ɗayanmu yana tari. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce: “Abu ɗaya dai na so in tambaye ku a lokacin, na ga kuna murna na fasa. Da kuke rantse wa Balarabe cewa ba ku haɗa komai da mu ba, shi sarkinku na Maraɗi, sarkin ina ake ce masa?”

Muka ce, Sarkin Katsina. Ya ce a ƙaro mana fura.